Ranar da Jauro Ya Fito da Ni Daga Akurki

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da matata ta bar mini amanar kajinta ba, kuma ko na so in manta, 'yan unguwarmu a nan Garwa ba za su bar ni ba. Har yau idan na bi ta gaban rumfar mahauta sai wani ya sunkuyar da kai yana dariya ƙasa-ƙasa, wani kuma ya tambaye ni lafiyar ƙudan zuma, sai ka ce surukaina ne.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne, don ku san daga inda na faɗo. Shekara talatin na yi ina koyar da kimiyya a kolej kafin in yi ritaya. Gidanmu gidan fawa ne. Ubana mahauci, yayana Sale mahauci, ni kaɗai na bi boko, shi ya sa tun ina saurayi kowa ke ce mini Mesiye, irin kiran da ake yi wa ɗan boko da Faransanci, har waɗanda suka goya ni. Sunan kuwa ya shiga kaina. Na kai matsayin da idan fanka ta tsaya a gidan maƙwabci aka kira wani ya gyara, sai in ji an raina ni. (Fankar ɗakinmu ni na gyara ta. Tun daga ranar bango take yi wa fifita, amma wannan wani zance ne daban.)

Matata, Maman Fati, ita ce mai kaji. Arba'in ne cif a bayan gida: talatin da tara masu ƙwai irin na gidan gona, sai wata tsohuwar kazar gida ja da ake kira Goggo. Goggo ba ta wani ƙwan kirki, ga faɗa, ga rowa a bakin abinci. Amma daga tsatson kazar da marigayiya surukata ta ba 'yarta take, ranar da aka kawo mini ita daga Bibemi. Abin da ya rage wa Maman Fati na hannun mahaifiyarta ke nan, sai wata tsohuwar tasa. Na sha leƙawa in tarar ta tsuguna tana yi wa kazar nan hira, irin hirar da ni ba a yi da ni.

To, sai 'yarmu Fati ta haihu a Ngawundere, uwar ta shirya tafiya ta sati uku. Da mai babur ya tsaya a ƙofar gida, ta juyo ta dube ni, irin duban da take yi wa tukunyar da ba ta yarda da murfinta ba.

"Malam, ruwa sau uku a rana. A wanke mazubin kafin a zuba. Ruwa zalla, don Allah. Kada ka ƙara komai, kada ka gyara komai."

Na ce, "Haba Maman Fati, ni za ki koya wa ruwa? Shekara nawa na yi ina zana shi a allo?"

"Shi ya sa nake gaya maka," in ji ta, ta hau babur suka tafi.

Wanda bai taɓa yin watan Afrilu a Garwa ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Kafin hantsi ya gama ɗagawa ƙofar ƙarfe ba ta taɓuwa. Kogin Binuwai ya janye ya bar yashi, kududdufan bayan gari duk sun tsage. A irin wannan lokacin kaza ba ta da wani buri a duniya sai inuwa da ruwa, kuma idan ta rasa ruwan na rabin yini, sai dai a haƙa rami.

Kwana biyu na bi umarni sau da ƙafa. Mazubai uku ne na roba, irin masu kifawa ɗin nan, suna jere a gindin darbejiya. In wanke, in cika, in koma in zauna da rediyona. A rana ta uku na ga kajin sun saki fikafikai suna haki, baki buɗe. Nan take malamin da ke cikina ya farka. Na tuna na taɓa ganin ana ba 'yan tsaki ruwan sukari idan an kawo su daga tafiya mai nisa, don su farfaɗo. Na ce a raina, abin da ya yi wa ɗan tsako amfani ai ba zai cuci uwarsa ba. Na shiga kicin na ɗauko gwangwanin sukarin shayina, na zuba cokali biyu-biyu a kowane mazubi, na juya da kyau. Har wani daɗi na ji, na ce idan Maman Fati ta dawo ta ga kajinta sun yi ɓul-ɓul, za ta san akwai bambanci tsakanin kiwo da ilimin kiwo.

Bayan katangarmu akwai filin Bappa Hammadu, wani dattijon Bafulatani mai itatuwan tsamiya, kuma a kan tsamiyoyin nan yake rataye amyoyinsa na zuma. Shekaru muna maƙwabtaka, ban taɓa jin kansa ba. Jefi-jefi dai ka ga ƙudan zuma biyu ko uku a bakin famfonmu, su sha su tafi, ba ruwansu da kowa.

Washegarin ranar da na sa sukari, na fito da safe na tarar da kamar ashirin a bakin mazubi. Kafin azahar ba a ganin jan robar, sun rufe ta ruf, ga wani gunji da ke tashi har cikin ɗaki. Kajin kuwa sun ja baya sun yi cirko-cirko suna kallon ruwansu daga nesa. Duk wadda ƙishi ya ci ƙarfinta ta matso, sai ta dawo a guje tana kaɗa kai.

Yanzu mai hankali zai tsaya ya tambayi kansa, me ya canza tsakanin shekaranjiya da yau? Tambayar da na yi shekara talatin ina dukan tebur a kanta ke nan a gaban ɗalibai. Ni kuwa sai na duba na ga kaji ba sa sha, sun galabaita, na yanke hukuncin cewa ƙarfi ne ya yi musu ƙaranci, saboda haka na mai da sukarin cokali huɗu-huɗu. (Ku yi haƙuri. Haka na yi, kuma da hannuna na dama.)

Daga nan aka shiga yaƙi. Na kwashe mazuban na kai su ɗaya kusurwar, kafin in gama wanke hannu sun gano wurin. Na kunna maganin sauro mai hayaƙi guda uku na jera, suka riƙa ratsawa ta cikinsa suna wucewa, kajin ne ma suka kama atishawa. Na ɗauko tsintsiya na kai musu duka, ɗaya ta sallame ni a bayan kunne, na yini da kunne ɗaya ya fi ɗaya. Na yi tunanin feshin maganin ƙwari, Allah Ya taimake ni na tuna ruwan nan kaji za su sha, ƙwan kuma mutane za su ci. Ƙwai dai ya yi ta raguwa, har mai shayin bakin titi da ke zuwa ɗauka kullum ya zo ya koma da kwalinsa wayam.

A rana ta bakwai, da na dawo daga sallar azahar, na tarar da kaji biyu kwance a gindin katanga, sun riga sun sandare. Na ɗauko fartanya na haƙa musu rami. Ban gama rufe ramin ba waya ta yi ƙara.

"Malam, ya gida? Ya kajina?"

"Lafiya lau suke."

"Goggo fa?"

Na waiwaya. Goggo tana kwance a lungun akurki, wuyanta a miƙe, baki buɗe, ido rabi a rufe. Na ce, "Tana gaishe ki."

Wallahi tsoro ya kama ni ranar, tsoro na gaske. Kaji biyun can zan iya tsayawa gaban matata in faɗa, ta yi fushi ta huce. Amma idan Goggo ta mutu a hannuna, na san ba za ta yi mini faɗa ba ma. Shiru za ta yi, ta ɗauke tasar nan ta adana a ƙasan akwati, kuma wannan shirun ne ba zan iya zama da shi ba.

Mutum irina idan tsoro ya kama shi, sai ya nemi wanda zai ɗora wa laifi. Ga Bappa Hammadu nan kusa, taku ashirin daga ƙofata. Maimakon in zagaya in yi masa sallama in ce ga halin da nake ciki, sai na zauna na rubuta takardar ƙara da Faransanci, shafi biyu, da kanun magana da ja-layi, na kai wa Jauro, wato mai unguwarmu. Na rubuta cewa ƙudan zuman maƙwabcina sun zama barazana ga lafiyar jama'a, ina neman a sauke amyoyin nan a fitar da su daga unguwa. Jauro ya juya takardar gaba da baya, ya ce shi dai gobe da hantsi zai zo ya gani da idonsa, zai kuma kira Bappa.

Sai da na kwanta a raina cewa gobe zan nuna musu yadda ake gabatar da hujja. Shirina shi ne in ɗauko mazubi ɗaya da ƙudan zuman a jikinsa, in dire shi a gaban Jauro. Don haka na haɗa kayan kariya: baƙar rigar ruwa, takalmin damina, safar hannun da Maman Fati ke wanke-wanke da ita, hular kwanon babur, sannan na yafa gidan sauro tun daga ka har ƙasa. A watan Afrilu. A Garwa.

Da hantsi suka iso. Jauro da babbar rigarsa, Bappa Hammadu da 'yar farar jallabiya da sandarsa, sai yayana Sale, wanda ba wanda ya gayyata, ya ji labari a kasuwa ya bar nama a kan tebur ya taho. Matan maƙwabta kuma na ga kawunansu sun fara fitowa ta saman katanga. Na fito daga ɗaki ina takawa da ƙyar.

Bappa ya dube ni daga sama har ƙasa, ya gaishe ni da Fillanci, "Jam na, Mesiye?"

"Jam," na amsa daga cikin hular kwano.

"Da ka cire baƙar rigar nan. Ba sa son baƙin abu."

Na ce, "Bappa, ka bar wa ilimi aikinsa."

Ya ce, "To."

Na nufi gindin darbejiya. Kafin in kai, gumi ya rufe gilashin hular, ba na ganin komai sai hazo. Na lalubo mazubin na ɗaga, ƙudan zuman suka tashi suka zagaye ni, amma ba su taɓa ni ba. Na juyo ina ji da kaina, har na fara jawabi: "Ranka ya daɗe, ga abin da nake..." Sai takalmina ya take gefen gidan sauron. Na yi gaba, na yi baya, mazubin ya ɓalle daga gindinsa, ruwan sukari lita biyar ya juye mini tun daga ƙirji har cikin takalmi. Gidan sauron kuma ya yage daga wuya.

Abin da suke nema ya bar roba ya dawo jikina, su ma suka biyo shi. Na ji suna sauka a kan rigar ruwa tif-tif-tif. Na daure, na ce kada in ba da kaina a gaban jama'a. Sai ɗaya ta samu hanya ta ƙarƙashin haɓa ta shigo cikin hular, ta fara zagaye tsakanin hancina da gilashi. A nan ilimi ya ƙare.

An ce sau biyu na zagaya darbejiya, ni ban ƙirga ba. Abin da na sani shi ne na ga ƙofar akurki a buɗe, na sunkuya na faɗa ciki. Kajin da ke fake a inuwar ciki suka fashe waje gaba ɗaya suna kururuwa, ƙofar ta bugu da ƙarfi, sakatar waje ta faɗa raminta da kanta. Kaji a waje, Mesiye a ciki. Na ma ɗan ji sanyi a raina, na ce na tsira, kafin na tuna cewa ragar akurki don kaza aka yi ta. Ramukanta ko babban yatsana yana wucewa. Suka biyo ni ciki a nitse, ta ko'ina. Ta cikin hular nan kuma ta gama shawara, ta harbe ni a leɓen sama.

Na tsuguna a cikin kashin kaji, na fizge hular, ina kare fuska da safar wanke-wanke. Da na buɗe ido, ga Goggo a lungu, ita kaɗai ba ta iya gudu ba, tana kallona da ido ɗaya.

Bappa Hammadu bai yi sauri ba. Ya fita ya dawo da busasshen kashin shanu a cikin gwangwani, ya sa masa wuta, ya tako da 'yar jallabiyarsa, ba hula ba safa, yana busa hayaƙin a hankali ta cikin ragar. Sannan ya ce wa Sale ya miƙo bokitin ruwa, ya sheƙa mini ta saman raga, ya ƙara na biyu. Ƙudan zuman suka fara watsewa. Ya koma gindin darbejiya, ya tsuguna a gaban ɗaya daga mazuban da suka rage, ya kaɗa su gefe da bayan hannu, ya tsoma ɗan yatsa a ruwan ya kai bakinsa. Ya daɗe yana tsotsa.

"Mesiye," in ji shi, "wa yake dafa wa kajin nan shayi?"

Jauro ya matso, shi ma ya tsoma yatsa ya ɗanɗana, ya ce, "Madara kawai ya rage." Sale ya zauna daɓas a ƙasa ya riƙe ciki, hawaye na zuba, ko sauti ba ya fita. Ta saman katanga na ji wata ta ce a kira mata ƙanwarta ta zo ta gani.

Ni kuwa ina ciki, leɓe ya fara kumbura, na ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka a zare sakata." Jauro ya tattare hannun babbar rigarsa, ya sunkuya, ya buɗe mini da kansa. Na fito da rarrafe. A duk rayuwata ban taɓa jin kunya irin ta wannan rarrafen ba, kuma taku uku ne kacal.

Na zaci Bappa zai rama, don da ni ne da na rama. Bai ko kalli inda nake ba. Ya leƙa akurkin ya ce, "Waccan ta fi ka buƙatar taimako." Ya sa na ɗauko Goggo, muka kai ta inuwar zaure, ya tsoma ƙafafunta a ruwan randa mai sanyi, ya nuna mini yadda zan riƙa ɗiga mata ruwa a gefen baki da ƙaramin cokali, kaɗan-kaɗan don kada ta shaƙe. Yana yi yana bayani, ba tare da ya ɗaga murya ba. Ya ce a bazara su ma ruwa suke nema, suna kai wa cikin amya don su sanyaya 'ya'yansu. Da ruwa zalla ne, 'yan kaɗan za su zo. Amma mai zaƙi, ɗaya ta ɗanɗana sai ta koma ta kira dangi.

"Waɗannan da ka gani ba duka nawa ba ne," in ji shi. "Har na gindin dutse ka gayyato."

Ya kuma faɗi nasa laifin, abin da ya ƙara kashe mini jiki. Ya ce da yana da randa mai tsatsafo a gindin tsamiya da suke sha, awaki suka fasa ta, gwiwa kuma ta hana shi jigilar ruwa.

Ranar na yini a zaure da kaza a cinya da cokali a hannu, leɓena ya kai girman ƙosai. Wajen la'asar ta haɗiye da kanta. Kafin magariba ta ɗaga kai.

Sauran aikin Bappa ne ya tsara. Aka wanke mazuban da toka har ƙanshin zaƙin ya fita, aka mai da su can cikin akurki, lungu mai duhu, aka rataya buhunan algarara a jikin ragar ta wajen, domin ya ce ƙudan zuma ba sa son shiga duhu neman ruwa, kaza kuwa ba ruwanta. Su kuma aka yi musu nasu wurin shan a gindin tsamiya, kusa da gidansu: babban kasko cike da tsakuwa, ruwa iya wuyan tsakuwar don su samu wurin tsayawa kada su nutse, da ɗan ɓarɓashin kanwa, wai suna son ɗanɗanonta. Ranar farko ya ɗiga ɗan ragowar ruwan sukarina a kai don su gane wurin, daga nan bai sake ba.

Matsala ɗaya ta rage, kuma babba ce. Kaskon nan kafin azahar ya bushe ƙaƙas. Bappa ya ce idan suka zo sau ɗaya suka tarar ba ruwa, inda suka saba za su koma, kuma shi ba shi da gwiwar da zai riƙa cikawa sau biyar a rana. Na koma gida ina tunani, idona ya faɗa kan tsohon risho a bayan kicin. Sai dabara ta faɗo mini. Darasin da na fi kowane maimaitawa a aji ke nan: yadda lagwani ke jan kananzir ya hau sama.

Na sayo sabon lagwani a kasuwa, na ɗauko jarka mai lita ashirin, na ɗora ta a kan bulo sama da kaskon. Na tsoma kan lagwanin a cikin ruwa, na sako jelarsa ta waje har ta kwanta a kan tsakuwa. Bappa ya dogara da sandarsa yana kallo.

"Ruwan zai hau sama da kansa, ya fito, ya sauko?"

"Zai hau, Bappa."

"Jiya ma ka ce a bar wa ilimi aikinsa."

Na haɗiye wannan, don na cancanta. Gwajin farko na sa lagwani shida, jarkar ta ƙare tun kafin la'asar. Na sa ɗaya, rana ta riƙa shanye ɗigon kafin ya taru. Da na sa uku, na kuma lulluɓe jarkar da jiƙaƙƙen buhu, sai abin ya zauna. Ɗis, ɗis, ɗis, tsakuwa a jiƙe tun safe har yamma, kuma jarka ɗaya ta wuce yini. Bappa ya tsuguna ya taɓa lagwanin, ya dubi yatsansa, ya ce, "Useko, Mesiye." Na karɓi takardun yabo a wurin aiki, amma ba wadda ta yi mini daɗin wannan godiyar.

Ba rana ɗaya suka daina zuwa ba. Kwana uku suna zagaya gindin darbejiya suna neman shayinsu, kullum suna raguwa. A rana ta huɗu na fito da azahar, tsakar rana sosai, na tsaya na kasa kunne. Ba gunji. Abin da nake ji kawai shi ne ƙarar bakin kaji a jikin roba daga cikin akurki. Na leƙa ta katanga, ga kaskon Bappa ya yi baƙi da su, kowacce ta kama tsakuwarta tana sha. Na koma na buɗe akurki don in duba Goggo, ta kai mini sara a bayan hannu har da jini. Ban taɓa murnar ciwo irin ta ranar ba.

Da yamma na sa riga na zagaya na ba Bappa haƙuri a gaban iyalinsa. Na kuma je wurin Jauro karɓar takardata, ya ce ai ya adana ta, jikokinsa za su koyi Faransanci da ita.

Ranar da Maman Fati ta dawo, na share gida, na shirya jawabin da zan yi mata daki-daki. Ta sauka daga babur, ta amsa sannu da zuwana a tsaye, ta wuce ni kai tsaye zuwa bayan gida. Ta ƙirga kajinta da baki, talatin da takwas. Ta ɗauki Goggo ta duba idonta, ta duba ƙarƙashin fiffike, ta rungume ta. Sannan ta sunkuya ta tsoma ɗan yatsa a mazubi ta kai bakinta.

A nan na gane jawabina ba shi da sauran amfani. Ashe tun ranar, kafin leɓena ya gama kumbura, matar Sale ta aika mata saƙon murya, har da kwaikwayon yadda na ce a zare sakata.

Na ce, "Biyu sun mutu. Ni na jawo, kuma na yi miki ƙarya a waya."

Ta riƙa shafa bayan kazar. Can ta ce, "Da Goggo ce..." Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban nemi ta ƙarasa ba. Ta taka ta leƙa ta katanga, ta daɗe tana kallon jarkar nan da lagwaninta.

"Wa ya haɗa wancan?"

"Ni."

"Yana aiki?"

"Yau kwana goma sha ɗaya bai tsaya ba."

Ta sake kallonsa, ta kalle ni, ta ce, "To, wannan kam ka gyara." Shekara talatin da huɗu da aurenmu, ranar na fara jin wannan jimlar daga bakinta.

Yanzu gida huɗu a unguwarmu suna da irinta, jarkar Mesiye ake ce mata, har daga wata unguwa an zo an duba. Duk wanda ya zo ina yi masa bayani kyauta, sai dai na lura ba wanda ke tafiya sai ya tambaya a nuna masa akurkin. Ina nunawa. Abin da na koya dai bai fi a faɗe shi a taƙaice ba: kafin in rubuta shafi biyu a kan maƙwabci, in fara tsoma yatsa a ruwan gidana. Idan kuma Maman Fati ta ce kada a ƙara komai, to ba shawara take bayarwa ba.

Bana da bazara ta sake tafiya Ngawundere. Mai babur na jira a ƙofa, ta miƙo mini makullin akurki da hannunta, ba ta ja mini kunne ko da kalma ɗaya ba. Har na fara jin kaina ya yi girma, sai na ga ta koma kicin, ta fito da gwangwanin sukarina, ta tura shi cikin jakarta ta ja zif. Da yamma Bappa Hammadu ya aiko mini da kwalba cike da zumar tsamiyarsa, da ita na sha shayi har ta dawo, kuma kajinta ko ɗaya ba ta yi ciwon kai ba.